Shinkafar Kakar Mina

Ranar wata Talata ce da hantsi, a dogon hutun da na gama aji huɗu, na tsaya ba takalmi a ƙofar wani gidan bautar 'yan Hindu, cikin wani ƙauye a kudancin Indiya. Hannuna ɗaya yana riƙe da gefen mayafin Umma, ɗayan yana cikin hannun ƙawata Mina. Na ɗaga kai ina kallon hasumiyar ƙofar har ɗankwalina ya zame. Hawa-hawa take, kowane hawa cike da siffofin mutane da giwaye da tsuntsaye, an shafa musu shuɗi da ja da ruwan ƙwai, tantabaru suna ta shiga tsakaninsu suna fita.

Mina maƙwabciyarmu ce a Jaradiya, a nan Riyad, ƙofarsu tana kallon tamu a hawa na biyu. Babana injiniya ne, mamanta kuma nas. Larabcin unguwa muke yi da juna, don ita ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu. Tare ake aikenmu baƙala, shagon unguwa, sayo burodi da laban, wato nono, mu dawo mu baje a matakala muna carafke da ƙwallayen dabino har sai an leƙo an yi mana tsawa. Umma takan yi mata kitso tana raki, mamanta takan tsiyaya mini man kwakwa a ka. Na san ba sa salla, amma ban taɓa ganin abin bautarsu ba, yana cikin wani ɗan kabad da kullum yake rufe. Sai dai labarin gidan bautar ƙauyensu ba ya barin bakin Mina. "Wallahi Hawwa, in kin gan shi ba za ki so dawowa ba," haka take ce mini.

A hutun nan aka yi wa Baba aikin gwiwa a Indiya, su Mina ma sun je gida hutu. Da aka sallame shi, baban Mina ya zo da mota ya kai mu ƙauyensu mu wuni. Baba ya zauna gindin wata bishiya a waje da sandarsa. Umma ta gyara mini ɗankwali, ta ce a hankali, "Kallo muka zo yi. Goshinmu na Allah ne."

Ciki sanyi ne da shi kamar ɗakin soro, ga ƙamshin furanni da man fitila. Ginshiƙan duk dutse ne, amma an sassaƙa su tun daga ƙasa har sama, babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa zane ba. A jikin wani, reshe ne ya nannaɗe, da ganyensa da 'ya'yansa, har da ɗan aku yana saran ɗaya. Umma ta daɗe tana bin reshen da yatsa. Kakarta mai zanen ƙwarya ce a Katsina, ta san abin da hannu yake sha. "Mai wannan aiki ya yi haƙuri," in ji ta. A tsakar gida mata sun sunkuya suna zuba garin shinkafa daga tsakanin yatsu, layi yana bin layi kamar zanen lalle. Mina ta ce kullum da safe ake sabuntawa, tururuwa su ci na jiya. Can gefe wasu maza biyu suna kiɗa, ɗaya da ganga, ɗaya da wata doguwar aba mai kukan algaita. Ba mu shiga ɗakin ciki ba, kuma ba wanda ya matsa mana.

Daga ɗakin cikin ne kakar Mina ta fito, wata 'yar tsohuwa mai lanƙwasasshen baya da suke kira Pati. Tana riƙe da ganyen ayaba, a kansa shinkafa mai zaƙi da aka riga aka miƙa wa abin bautarsu. Ta wuce jikokinta duka ta nufo ni tana murmushi, don ni ce baƙuwa. Umma tana bayan wani ginshiƙi. Na tuno abin da malamarmu ta Islamiyya ta koya mana kan abincin da aka ambaci wanin Allah a kansa. Ban san lokacin da na ture hannun tsohuwar ba, na ce "Haram!" da ƙarfi. Ganyen ya kife a ƙasa. Pati ta durƙusa da ƙyar tana tsince shinkafar ƙwaya-ƙwaya. Ita ba ta san kalmar ba, amma Mina ta sani. Ta zare hannunta daga nawa.

Umma ta sunkuya ta taya tsohuwar tsinta. Sai da muka fito ta ja ni gefe. "Ƙin ci daidai ne, Hauwa'u. Ture hannun tsohuwa fa, wa ya koya miki? Bakinki ciwo yake da ba za ki ce na gode ba?"

Da la'asar a gidansu, Pati ta ɗora sabuwar tukunya a murhu, ta dafa wata shinkafar da madara da gyaɗar yazawa. Ta sa ɗanta, baban Mina, ya faɗa wa Umma cewa wannan ko ƙofar gida ba ta fita ba, balle a miƙa wa abin bauta. Na durƙusa har ƙasa na karɓa da hannu biyu, ta shafa kaina, na ci ina haɗiyar hawaye. Mina kuwa tana zaune kan katangar rijiya, ta ba ni baya, tana jefa tsakuwa a ƙasa. Umma ta yi mini nuni da ido har sau biyu. Kunya ta ɗaure mini ƙafa. Na ce a raina, bari mu koma Riyad, a matakalarmu zan ba ta haƙuri, inda babu mai kallo.

Ba su dawo ba. Asibiti bai sabunta kwantiragin mamanta ba, babanta ne kawai ya zo ya kwashe kayansu wata safiya muna makaranta. Da na dawo, ƙofarsu a buɗe take, ana fenti.

Yau ina unguwar Murabba, a nan Riyad, da aurena da 'ya'ya huɗu. Hawanmu akwai Indiyawa, amma yarana ko sunan 'ya'yansu ba su sani ba, kowa yana ɗaki da wayarsa, matakala shiru sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. In na kai yaro asibiti na ga nas Ba'indiya sa'ata, nakan karanta sunan da ke ƙirjinta kafin na kalli fuskarta. Har gobe ba zan ci irin waccan shinkafar ta farko ba, kuma ina roƙon Allah Ya kashe ni a kan haka. Amma ranar, tsakanina da rijiyar da Mina take zaune bai fi taku goma ba, na ce sai mun koma gida.