Guru Elkana da Shinkafar Yariko

Guru Elkana Silitonga, wato Malam Elkana a harshenmu, ya koyar da aji huɗu, biyar da shida a makarantar cocinmu ta Lumban Sitio har shekara talatin da ɗaya. A duk tsawon wannan lokaci, tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce zuwa Sibolga ɗaurin auren ƙanwarsa. Amma in ka tambaye shi hanyar Yariko zuwa Urushalima, zai gaya maka inda take hawa, da inda take lanƙwasa, da inda ya kamata a bar jaki ya huta.

Na shiga hannunsa a 1953. Ajujuwan uku ɗaki ɗaya muke zama, 'yan aji huɗu a gaba, manya a baya kusa da taga. Da safe addu'a, sai waƙa ɗaya wadda yake rubuta mana da lambobi a allo, daga ɗaya zuwa bakwai. Yakan buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a gwiwarsa, ya kai kunne, ya ba mu muryar da za mu ɗauka, mu kuma mu ɗauki wata dabam. Daga nan lissafi, wanda ba ya wasa da shi. A aji biyar ne ake ba yaro alƙalami da tawada, kuma duk wanda ya ɗiga ɗigo ɗaya sai ya sake shafin. Muna haddace Dokoki Goma da bayaninsu, da aya biyu kowane mako, da sunayen manyan tsibiran ƙasarmu. Harshen ƙasa na gwamnati kuwa, wanda ba shi muke yi a gida ba, shi ma a lokacin yake koyonsa. Mun daɗe kafin mu gane cewa shafi uku kawai yake gaba da mu.

Ranar Alhamis ce ranar taswira, kuma taswirarsa ba a bango take ba. A gangaren da ke bayan makaranta ya gina ta da ƙasa, taku ashirin da huɗu daga Dutsen Harmon zuwa Biyasheba. Harmon tudu ne da ya kai ƙugun babba, an shafe kansa da farar ƙasa a madadin ƙanƙara. Garuruwa duwatsu ne masu suna a jiki. Tekun Galili rami ne mai kifi uku. A Tekun Gishiri kuwa, kowace shekara yakan zuba dintsin gishiri daga madafar matarsa, Inang Tiomin, ya sa sababbin 'yan aji huɗu su tsoma yatsa su lasa. Tsakanin tekunan biyu Kogin Urdun ne yake gudu, da ruwa na gaske, wanda yake shigowa ta bututun gora daga babbar magudanar gonakin shinkafa.

Da ƙafa muke amsa tambaya. Sai ya ce, daga Nazarat zuwa Baitalami, tafi. Ka tashi kana tafiya kana faɗin kowane gari da abin da ya faru a cikinsa. Wanda ya taka Urdun ba a mashigi ba, ya nutse ke nan, sai ya tsaya gefe har ƙafarsa ta bushe. Ni na nutse sau huɗu a shekarata ta farko.

A 1955, ina aji shida, aka naɗa sabon mai duba makarantun coci na yankinmu, Amang Hutagalung. Amang a wurinmu kiran girmamawa ne, kamar a ce baba. Ya zo ran Alhamis cikin farin wando, ya tarar da mu laka har gwiwa. Ya ce wannan wasan yara ne, sabon tsari kuma ya ce kowace makaranta ta yi lambu, ga fili nan ana ɓata shi. Guru ya roƙe shi. Suka tsaya a kan cewa zai dawo ƙarshen shekara ya jarraba 'yan aji shida da kansa a kan taswirar. In mun amsa, ta zauna. In mun kasa, a sa mata fartanya a shuka wake. Shekara goma sha ɗaya Guru ya yi yana gina ta.

Sai ruwan sama ya makara a shekarar nan. Magudana ta ragu har ana ganin duwatsun ƙasanta. Mai rabon ruwa na ƙauyenmu, Marhusa Pakpahan, ya bi ta daga sama zuwa ƙasa yana toshe duk wata kafa da ba ta da hurumi. Da ya zo kan bututun Guru, ya cusa masa laka da ciyawa, ya wuce.

Cikin mako guda Urdun ya kafe. Inang Tiomin ta kwashe kifin Galili ta dafa tun ba su mutu a banza ba. Muka gwada ɗebo ruwa daga idon ruwa a cikin gora, amma busasshiyar ƙasa ta shanye shi tun bai kai rabin hanya ba, iyayenmu mata kuma suka ce idan muka sake taɓa ruwan shansu za mu gane kurenmu. Abin da ya fi tayar wa Guru hankali shi ne kogin ya koma kamar hanya. Yara suna tsallake shi ta ko'ina, ba wanda ya ƙara sanin me ke gabas me ke yamma. Ni da ƙafata na sauko daga Galili zuwa Tekun Gishiri ta tsakiyar kogi, ina ba da labarin matafiya da gaske.

Da wani ne ya toshe, da Guru ya je da hujjoji bakwai a jere. Amma Marhusa wan matarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurinmu ba ka musu da gidan da suka ba ka mata. Ka dafa nama ka kai, ka zauna ta bakin ƙofa, ka yi roƙo. Haka Guru ya yi, da rigarsa ta Lahadi. Inang Tiomin ce ta riƙa ba da labarin nan daga baya, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta share hawayen dariya ba.

Bayan an ci abinci an yi gaisuwar da ta kamata, Guru ya kira shi Lae, kamar yadda surukai maza suke kiran juna a wurinmu, ya ce, "Lae, ruwan da nake roƙo bai kai wanda baunarka take zubarwa in tana sha ba."

"Bauna tana huɗa, Lae," in ji Marhusa. "Urdun ɗinka wane aiki yake yi?"

Guru ya yi bayanin Yoshuwa da Na'aman da Yohanna Mai Baftisma, da abin da kowannensu ya yi a Urdun. Marhusa ya saurara har ƙarshe, domin shi ma dattijon coci ne, ya ce duk mutanen kirki ne, amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zuwa yashe magudana. Dokar kakanni ita ce, ruwa na ƙasar da aka dasa wa shinkafa ne, mai ƙasar kuma ya fito da fartanya ranar gayya. Ya ce ba shi ya kafa ta ba, ba kuma shi zai karya ta ba. Sannan ya ba surukinsa dafaffen kifi kamar yadda al'ada ta ce, ya sa masa albarka mai tsawo, har da fatan Allah ya yalwata masa ruwa.

A hanyar komawa gida Inang Tiomin ta ce masa wanta ya gaya masa abin da zai yi, shi ne bai ji ba. Ya dasa shinkafa a gefen kogin nasa, taswira ta zama gona, a ba ta rabonta. Tana da ragowar irin dashe a bayan gida.

Guru ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Wannan mutum ne da ya taɓa sa mu tono Samariya muka matsar da ita tafin hannu biyu, saboda ya sake awo ya ga ya yi kuskure. Kwana uku yana buɗe Littafi Mai Tsarki. Ya sami alkama da sha'ir, inabi da ɓaure da zaitun, da dabinon Yariko. A rana ta uku ya rufe ya ce mata, "Babu shinkafa a Littafin nan, ko ƙwaya ɗaya."

Ta ce, "Ruwa fa, akwai shi a Urdun na Littafin?"

Ya ce akwai.

"To, a naka babu. Sai ka zaɓi ƙaryar da ta fi sauƙin gyarawa."

Wurin da ya fi laushi a kwarin kogin shi ne kewayen Yariko, nan aka ware. Marhusa ya zo da sandarsa ya auna, fuska ba annuri, kamar yana auna gonar sarki. Ya ce gona mai wannan girma rabonta shi ne lokacin da inuwar sanda take matsawa yatsa biyu, sau ɗaya a kwana takwas. Ya sake ruwan farko nan take, muka dasa gindi arba'in. Guru ne ya ja igiya don layin ya miƙe, tunda dai ya zama dole. Da aka ƙirga kwana takwas, sai ta faɗa daidai ranar jarrabawa. Marhusa ya ce shi bai san da wata jarrabawa ba, lissafi ne ya kawo haka.

Amang Hutagalung ya iso da hantsi. Ya tarar da mu goma sha ɗaya a jere gefen Bahar Rum, wato shingen makaranta, ga kuma wani dattijo tsugune kusa da bututu ya kafa sanda a ƙasa. Guru ya roƙe shi ya fara da tambayoyin kogi, domin kogin ba zai daɗe ba. Marhusa ya cire lakar. Ruwa ya gangaro daga gindin Harmon, ya cika Galili, ya bi kwarin yana lanƙwasa, kai kuma ya dawo mana daidai. Aka aike ni daga Kafarnahum zuwa Urushalima ta hayin Urdun, na tsallaka a mashigi, na dawo a mashigi, ƙafata a bushe. Mai dubawa ya riƙa sauri yana waiwayen inuwar sanda kamar shi ake jarrabawa. Mutum tara suka amsa ba gargada kafin Marhusa ya ce yatsa biyu sun cika, ya mai da lakarsa.

Tambayar ƙarshe ta faɗa kan Risma boru Nababan, wato 'yar gidan Nababan, wadda ta fi mu duka ƙwaƙwalwa. Tana tsaye a Yariko, ta gama labarin ganuwar da ta rushe. Mai dubawa ya tambaye ta me mutanen garin nan suke nomawa. Risma ta san amsar, mun haddace ta tare. Amma ta gaji, ta kuma tsorata, sai ta dubi ƙafarta ta ce, "Shinkafa, Amang."

Amang Hutagalung ya gyaɗa kai, ya fara rubutu. Shi ma bai taɓa zuwa Yariko ba. Mu duka muka sunkuyar da kai. Da Guru ya yi shiru na numfashi uku, da an wuce wurin.

"Amang," in ji shi, "amsar ba daidai ba ce. Dabino ne. Shinkafar nan ni na dasa ta mako guda da ya wuce, laifin kuma nawa ne, ba na yarinyar ba."

Ya faɗi komai, tun daga toshe bututu har kifin da aka ba shi. Mai dubawa ya juya wurin Marhusa ya tambaye shi ko haka ne. Marhusa ya ce shi bai san taswira ba. Abin da ya sani, akwai wata gona da ake kira Yariko a cikin gonakin da yake ba ruwa, kuma yana jiran mai ita ran Asabar a bakin magudana da fartanyarsa.

Amang Hutagalung ya daɗe yana kallon gindi arba'in ɗin nan. Ya cire wa Risma maki ɗaya, tunda malaminta ya nace. Sannan ya karanta mana abin da ya rubuta: 'yan aji shida sun san Ƙasa Mai Tsarki, makarantar kuma tana da lambu mai tsari, da ban-ruwa bisa doka. Ya ce shi lambu ya nema, ga lambu, ba ya ganin dalilin da zai sa a rushe shi.

Ran Asabar Guru ya fito gayya, ya naɗe wando, ya shiga laka tsakanin iyayen ɗalibansa. Bai iya riƙon fartanya ba, Marhusa kuwa ya gyara masa a gaban jama'a, a hankali, da muryar malamin aji huɗu. Haka ya riƙa fitowa sau biyu a shekara har ya ajiye alli a 1971, domin Marhusa bai taɓa yarda a mai da bututun yadda yake a da ba, ko a shekarun da ruwa ya yi yawa. Girbin Yariko bai taɓa wuce tukunya ɗaya ba. 'Yan aji shida ne suke dafawa su ci ranar rabuwa, Guru yana ɗanɗanawa kaɗan, kamar mai shan magani.

Daga shekarar nan, Alhamis ta farko ta kowane sabon aji huɗu, yakan kai su Yariko ya tsaya a tsakiyar shukar, ya gaya musu sau uku cewa babu shinkafa a nan. Su kuma su amsa da to, Amang Guru, idanunsu a kan shinkafar. Guru ya rasu a 1978. Ni ma koyarwa na yi har na tsufa, na kuma ga hotunan Yariko na gaske, da dabinonta da ƙurarta. Duk da haka, ran Lahadi in fasto ya karanta labarin Zakka, mutumin Yariko, yana hawa itace, ba na iya hana kaina ganin sa yana ɗage ƙafar wando tukuna, don kada ya jiƙe a gonar.