Wanda Ba Ya Ganewa a Kujerar Ƙarshe

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Mai Majigi yake buɗe ɗakin laccarmu a makarantar koyon jinya. Ya goge allo, ya jona wayoyi, sannan ya zauna a kujerar ƙarshe da tsohuwar kwamfutarsa. Daga nan yake kula da tambayoyin da ɗalibai ke turowa ta wayoyinsu ana tsakiyar darasi, suna fitowa a gefen allo babu sunan kowa. Ranar Juma'a zai yi ritaya, ni kuwa tun da na ji labarin nake tunanin yadda ajina zai kasance.

Auna magani nake koyarwa. Ɗalibar da ta ji kunyar tambaya a aji, a jikin majiyyaci za ta yi kuskurenta. Ɗalibaina kuwa, in na ce "kun gane?" sai su yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Amma kullum, minti goma da farawa, sai saƙo ya fito: "Malama, ni fa ban gane komai ba, a maimaita." A kwashe da dariya, daga nan tambayoyi su ɓarke. Shekara shida ina mamakin wannan daƙiƙin da ya ƙi gama makaranta.

Makon jiya mai shara ta tona asiri. "Malama, ai Baba ne. Da idona na gan shi yana dannawa da yatsa ɗaya."

Na tare shi a bakin ƙofa. Ya sosa ƙeya ya ce, "'Yata, ba yaron da yake son ya fara cewa bai sani ba. Ni tsoho ne, me zai rage ni?"

Baba, kai ne ka ɗauki kunyar aji guda ka ɗora wa kanka. Kai ne kake gyara rubutun mai rauni kafin ya hau allo, don kada a yi mata dariya. Ranar da shugaban sashe ya nemi sunan wadda ta rubuta cewa yana sauri wajen koyarwa, ka ce masa ba ka ajiye sunaye. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranar Litinin zan fara babin maganin jarirai, inda ɗigo ɗaya kan raba rai da ajali, kuma wallahi tsoron shirun ajin nan nake ji. Abokan aiki, duk wanda ba shi da darasi ƙarfe takwas, kujerar ƙarshe babu kowa. Ya zo ya zauna, ya rubuta cewa bai gane ba.