Muryar da Na Tura Guruf Ɗin 'Yan Garinmu

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Riyad, ɗan gurbin karatu, kai na hayaƙi, yatsa kullum a kan waya. A darasin addinai duktur, malaminmu, ya ba ni bahasi kan asalin 'yan Mormon na Amurka. Ƙa'idarsa ita ce ka fara kawo labarin mutane yadda su suke faɗarsa, sannan ka kawo raddi. Ni kuma ba na riƙe karatu sai na naɗa da bakina, sai na yi murya biyu. A ta farko na zuba labari tiryan-tiryan: saurayin da ya ce mala'ika ya nuna masa allunan zinari, yadda aka kashe shi a kurkuku, yadda mabiyansa suka yi ƙaura yamma, wasu na jan amalanke da hannu, sanyi na kashe su a hanya. Wallahi abin ya taɓa ni, kuma an ji a muryata. Zan tura wa abokin karatuna, sai na cilla guruf ɗin 'yan garinmu mazauna Riyad, direbobi da 'yan kasuwar Aziziya. Na shiga aji, ta biyun, mai raddin, tana zaune a wayata.

Kafin la'asar an gama da ni. Wani dattijo mai sayar da kayan gwari ya tura wa babana a gida, wai boko ya cinye yaro. Baba ya kira, ya ce in tattara in dawo, bai turo ni in koyo tarihin kafirai ba. Dattijon kuma ya ce in zo bayan Juma'a in tuba a gaban jama'a, in yar da bahasin, shi ke nan.

Na je, amma tuba kam na ƙi. Na ba da haƙuri kan gaggawata, na kunna musu ta biyun, na ce wanda bai san abin da mutane suka yarda da shi ba, da me zai amsa musu? Dattijon ya ce baki gare ni. Baba ma na tura masa ta biyun, amma ya yi sati biyu ba ya ɗaga wayata, wannan ne ya fi ci mini rai. Ranar da ya ɗaga, ya ce ya saurari duka biyun, in zauna in gama.

Na gama, har da mumtaz, sakamako mafi girma! Kuskurena ɗaya ne, saurin yatsa. 'Yan'uwa ɗalibai, ku duba sunan guruf kafin ku danna. Masu turawa gaba kuma, ku ji tsoron Allah: rabin magana kuka ji, saura kaɗan ku raba ɗa da ubansa.