Tabon da Wanzami Ya Gano a Kan Abokina Ba'amurke

Shekarun baya can, tun ina da gashi a ka da ƙarfin tuƙa babur, na yi koyarwa a wata makaranta a Birnin Kudu. Ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, mu kuwa samarin malamai kowa da ƙasar da yake mafarkin zuwa. Wasu Ingila, wasu Masar. Ni tawa Amurka ce. Ban taɓa wuce Kano ba a lokacin, amma in ka zauna da ni minti goma sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya. Duk ilmina na ƙasar daga wata tsohuwar mujalla na samo shi, mai hotunan dogayen benaye da motoci masu sheƙi. Na sha buɗe ta har ta yi laushi kamar tsumma.

Ana nan sai shugaban makaranta ya ce za a turo mana Ba'amurke mai koyar da lissafi, cikin samarin nan da suke zuwa aikin sa kai. Ni na roƙa a bar mini tarbarsa. Na goge takalmi, na sa kwat cikin rana, na tsaya a bakin titi ina jiran farin Bature. Mota ta tsaya, wani dogon saurayi ya sauko da akwati, baƙi wuluk, ya ma fi ni baƙi. Na leƙa bayansa ina neman Baturen. Ya yi murmushi ya miƙo mini hannu ya ce da Turanci, "Kada ka wahalar da wuyanka, ni ne."

Daga ranar muka ƙulla abota. Mutum ne mai sauƙin kai, yana cin tuwon dawa da hannu, yana koyon Hausa da naci, ko da yake ya fi wata uku yana ce wa mutane "ina kwana" da la'asar. Abu ɗaya ne ya dame ni da shi. Duk sa'ad da na tambaye shi labarin ƙasarsu sai ya ba ni amsa guntuwa, ya juya zancen zuwa farashin gyaɗa ko sunan wani tsuntsu. Ni a wautata na ɗauka rowar labari yake mini.

Da aka yi hutu cikin bazara, na goya shi a babur muka tafi gidanmu a Gwaram. Mahaifiyata ta tarbe shi da fura mai sanyi, mahaifina ya sa aka share masa ɗakin baƙi. Da yammacin ranar dattawan unguwa suka zo ganin baƙo, ni kuwa na sami fili. Na gaya musu a Amurka lebura ma da motarsa, kowa da kowa daidai yake a gaban doka, ba babba ba yaro. Abokina yana zaune yana kallon ƙasa.

Washegari Alhamis da hantsi wanzamin gidanmu ya zo yi wa mahaifina aski a zaure, dattawan nan biyu ko uku suna zaune ana taɗi. Da aka gama, mahaifina ya dubi sumar abokina ya ce, "Wannan zafin da wannan gashin ai azaba ce. A sauke wa baƙo kaya." Abokina ya ɗan yi jim, sannan ya zauna a kan tabarma. Wanzami ya jiƙa kan, ya wasa aska, ya fara. Bai kai rabi ba ya tsaya cak.

Ya ce, "Malam, wannan fa?"

Na leƙa. Wani tabo ne dogo, ya taso daga saman kunne ya gangara har ƙeya, ga sawun ɗinki jere a jikinsa. Shekara guda muna tare ban taɓa sanin da shi ba.

Abokina ya ce da ni da Turanci, in fassara musu. Ya ce lokacin yana ɗalibi a garinsu da ke kudancin ƙasar, shi da abokansa suka shiga wani gidan abinci suka zauna a kujerun da aka keɓe wa farar fata, suka ce a ba su shayi. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. Aka taru a kansu ana tofa musu yawu, ana zuba musu miya a ka. Daga nan 'yan sanda suka zo da karnuka da kulake. Shi dai ya farka a ɗakin tsare masu laifi, rigarsa ta manne da jini.

Na ce da shi, "Kujera?" Ya ce, "Kujera." Na ce, "A Amurka?"

Mahaifina ya ce, "Kai muke jira. Me ya ce?"

Na dubi dattawan da na cika wa kunne jiya. Ban san sa'ad da bakina ya ce, "Ya ce daga kan keke ya faɗo yana yaro" ba.

Wanzami ya sake duba tabon, ya girgiza kai. "Na tsufa ina aske kawunan mutane. In keke ne ya yi wannan, to keken da hannu gare shi."

Abokina ya ɗago ya dube ni. Na manta Hausarsa ta kai ya gane kalmar keke. Ya juya wajen mahaifina, ya harhaɗa 'yan kalmominsa ɗaya bayan ɗaya: "Baba, ba keke. Ɗan sanda. Ya buga ni. Don na zauna."

Mahaifina bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Kai, tafinta aka sa ka. Faɗi abin da baƙo ya faɗa." Na ji kamar in nutse cikin tabarma. Na mayar da labarin tiryan-tiryan. Sai tambayoyi suka fara fitowa. Wani dattijo ya ce, "Yaƙi kuke yi da su?" Ya ce a'a. "To baƙunci kuka je ƙasarsu?" Ya ce kakannin kakanninsa a can aka haife su, a can aka binne su. Ya ƙara da cewa mahaifinsa ya je babban yaƙin duniya da kakin ƙasar a jikinsa, da ya dawo ya je a rubuta sunansa don jefa ƙuri'a, aka kore shi daga bakin ƙofa. Dattijon ya riƙe haɓa yana salati. Wanzami ya ƙarasa askin a hankali, yana kewaye tabon kamar har yanzu ɗanye ne.

A hanyar rafi da yamma na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ban ji haushinka ba. A gida ma akwai masu cewa keke ne." Sannan ya gaya mini abubuwa suna canzawa, an yi sababbin dokoki, kuma suna da wani jagora, malamin coci, mai koya musu su nemi haƙƙinsu ba tare da sun rama duka ba. Ya ce, "Ranar da aka buge ni, saboda maganarsa na ajiye hannuwana a cinya."

Kashegari Juma'a muka tafi masallaci muka bar shi a gindin darbejiyar ƙofar gida da 'yar rediyonsa. Da muka dawo muka same shi tsaye cikin rana tsaka, kansa ba hula, rediyo a manne da kunne. Na kira shi sau biyu kafin ya waigo.

Ya ce, "Sun harbe shi."

Na ce, "Wa?"

"Mutumin da na gaya maka jiya. Ya mutu."

Kwanakin da suka biyo baya a gindin rediyon nan muka yi su. Birane suna cin wuta ɗaya bayan ɗaya, an baza sojoji a tituna, an kafa dokar hana fita, har babban birnin ƙasar hayaƙi ya turnuƙe shi. Ga kuma samari suna zanga-zangar ƙin wani yaƙi da ake tura su can gabashin duniya. Sunayen biranen da na haddace daga mujallata su nake ji ana lissafawa. A lokacin mu ma muna cikin namu yaƙin basasar, muna ganin motocin soja suna wucewa, kuma ni duk zatona irin wannan fitina ta ƙasashen da ba su waye ba ce. Mahaifiyata ta riƙa aiko masa da abinci ana mayar mata da shi a rufe. Hankalinsa yana kan iyayensa, waɗanda suka yi ƙaura zuwa ɗaya daga cikin biranen nan, inda mahaifinsa yake da ɗan shagon gyaran takalma.

Muka koma Birnin Kudu aka buɗe makaranta. Bayan kamar mako biyu masinja ya kawo masa wasiƙa daga gidan waya, muna tsaye a baranda lokacin hutun ƙarfe tara. Ya karanta, ya miƙo mini, ya juya ya nufi gidansa da alli a hannu. Yayarsa ce ta rubuto. Ƙanensu, ɗan autan gidan, mai shekara goma sha bakwai, ya fita ya sa wa shagon mahaifinsu kwaɗo don kada a wawashe shi. Wani soja ya hango shi a ƙofar shago ya ɗauka ɓarawo ne. An riga an binne shi.

Abokina ya shiga ɗaki ya kulle. Na yi ta ƙwanƙwasawa bai buɗe ba. Na rasa abin yi, sai na je tasha na ba wani direban Gwaram saƙo ya kai wa mahaifina.

Da hantsin washegari sai ga mahaifina ya sauko daga motar kasuwa, bayansa wanzami da tabarmi a kafaɗa, bayansu mahaifiyata da ƙwarya a ka. Ita da ba ta son tafiyar mota ko kaɗan. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan abokina. Kafin azahar labari ya zaga, iyayen ɗalibansa suka fara isowa daga Kiyako da Kangire da Surko, wasu a keke, wasu a ƙasa. Wani ya yi gunaguni cewa ai mutumin ba Musulmi ba ne. Mahaifina ya ce, "Maƙwabci aka yi wa rasuwa, kuma ba shi da kowa a nan. Zauna."

Hayaniyar ce ta sa abokina ya buɗe taga. Ya ce da ni, "Me suke yi?" Na ce, "Zaman makokin ƙanenka." Ya ce, "Ai ba su san shi ba." Na ce, "Sun san ka." Ya tambayi abin da zai ce musu, na ce in an ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Ya fito ya zauna kusa da mahaifina, kwana uku yana faɗin kalmar nan.

A rana ta biyu mahaifiyata ta sa na kira mata shi bayan gida inda mata suke. Ta ajiye masa kunu, ta tsare shi sai da ya sha. Sannan ta ce da ni, "Tambaye shi, wa ya kashe yaron?" Na ce sojan ƙasarsu. "An kama shi?" Na tambaya, ya girgiza kai. "To wa uwar za ta kai wa ƙara?" Na fassara masa. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon kunun. Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ƙarshen zangon nan ya tafi gida. Mun yi 'yan shekaru muna musayar wasiƙa, daga baya ta yanke, ban san abin da ya same shi ba. Ni ma ban je Amurka ba, a Zariya na ƙara karatu. Abin da na koya dai shi ne in ji tsoron bakina in ina yabon wurin da ban taka ba, in kuma lura da mutumin da yake yawan kauce wa zancen garinsu. Har gobe in na ga hoton ɗan sanda a kan wani a wayar jikokina, gabana faɗuwa yake yi kamar yau na fara jin irin wannan labari.

A wasiƙarsa ta farko bayan ya isa, akwai wata 'yar takarda daban da rubutun mahaifiyarsa, ta ce a karanta wa tawa. Na kai Gwaram na karanta mata tana tsinke zogale a tsakar gida. Matar ta yi godiya, ta ce ɗanta ya ba ta labarin mutanen da suka zauna kwana uku saboda autanta, ta sa ya maimaita mata har sau uku. Ta ce ranar da aka binne shi, saboda dokar hana fita da tsoron sojoji, mutum shida ne suka raka gawar.

Mahaifiyata ta saki zogalen. Ta ce, "Nawa?"

Na ce, "Shida, Inna."

Ta ƙirga a yatsunta, ta dubi hannun ta daɗe. Sannan ta ce, "Da na sani da mun cika masa kwana bakwai."