Takardar Hannun Yayana

Injin murza kwaɓi ne ya cinye wa yayana yatsu uku na hannun dama, har da babban, a gidan burodin da ya shekara tara yana aiki a unguwar Bulabulin. Da hantsi abin ya faru, kafin azahar an riga an tafka kuskuren farko: ba a kai shi asibiti ba.

Wanda bai zauna Maiduguri a shekarun nan ba kada ya yi saurin ce mana wawaye. An hana babur, an katse layin waya, ko'ina ka juya shinge ne. Namiji ɗan shekara talatin, hannu a dagargaje, ka tsaya da shi gaban masu bindiga ka ce inji ne? Su abin da suka sani yana cire yatsu shi ne haɗa bam. Sai abokan aikinsa suka naɗe hannun da buhun fulawa, suka bi lungu da shi zuwa wajen wani tsohon malamin asibiti a Hausari. Ya ɗinke, Allah ya saka masa da alheri. Amma ko layi ɗaya bai rubuta ba, shi ma ta kansa yake yi.

Kuskure na biyu na Baba ne. Alhaji mai gidan burodin ya zo dubiya da abokansa biyu, da ledar lemo da gwangwanin madara. Aka yi ta wushe-wushe, gaisuwar Barebari, aka shimfiɗa darduma. Alhaji ya fara, "Wallahi Baba, abin nan ya dame ni..." Baba bai bari ya ƙarasa ba.

"Haba Alhaji, kai ka tura hannunsa a inji? Ƙaddara ce. Mun yafe, duniya da lahira."

Aka shafa fatiha. Ina bayan labule da tiren shayi, kamar in kifar da shi don takaici. Mun yafe? Mu su wa? Mai hannun yana kwance a ɗaki yana nishi, ba wanda ya leƙa ya tambaye shi.

Da hannun ya warke ne asalin wahalar ta fito. A lokacin, in za ka wuce shinge da ƙafa sai ka ɗaga hannu biyu sama. Ranar farko da Yaya ya fita neman aiki, don Alhaji ya riga ya sa wani a gurbinsa, aka zaunar da shi cikin rana tun safe har la'asar, sai da mai unguwa ya je. Karo na biyu ya dawo da kumburarren kunci. Daga nan bai ƙara wuce bakin lungunmu ba, ga mata ga 'ya'ya biyu.

Ni malamar firamare ce, a gidanmu ni ce mai tsiwa. Na je wajen wani lauya, mijin abokiyar aikina.

"Katin asibiti?" Babu. "Takardar ɗaukar aiki?" Wace takarda? "Zo gobe ka fara" aka ce masa, shekara tara ke nan. "Shaidu?" Abokan aikin nasa kowa na tsoron burodin bakinsa.

Na faɗa masa maganar Baba. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Malama, yafewar uba ba ta kashe haƙƙin ɗa. Diyya haƙƙinsa ce. Amma ki sani, shaidu biyu kaɗai ke cikin maganar nan, waɗanda suka ji yafewar, kuma duk na Alhaji ne. Za a ja lokaci."

Na ce a ja. Na yi sintiri ofishin ƙwadago har mai gadi ya haddace launin hijabaina. Yau oga ya tafi ganin iyalinsa da ya kwashe daga garin, gobe mai makullin kabad bai zo ba. Kai, na ga rainin hankali!

Wasiƙar lauya na isa, Alhaji ya kawo ƙarata wajen Baba. Mako guda Baba bai amsa gaisuwata ba. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Kin mai da ni ƙaramin mutum."

Sai ga ɗan aiken Alhaji da takardu biyu. Ta farko da hoton Yaya da hatimin gidan burodi, tana cewa ma'aikacinsu ne, injinsu ne ya cire masa yatsu. Ta biyu tana cewa ba ya neman komai a wajensu, har abada. Sharaɗin Alhaji: ko duka biyun, ko babu ko ɗaya.

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka sa hannu. Ta farkon nan gaskiya ce kawai, dole ya bayar ko ba sharaɗi. Ka ƙara haƙuri."

Ya dube ni ya ce, "Ke yatsu goma kike ɗagawa ki wuce. Wata biyar ban ga kasuwa ba."

Maganar ta ƙara ƙona min rai. Da babban yatsan hagu ya dangwala.

Washegari ya sa aka liƙe takardar cikin leda, ya nufi kasuwa. Na bi shi a baya ba tare da ya ce in zo ba. A shinge ya ɗaga hannu biyu, takardar maƙale tsakanin yatsu biyun da suka rage. Mai bindigar ya karanta, ya dubi hoton, ya ce wuce. Yaya ya waiwayo yana min dariya kamar shi ya ci shari'ar. Ni kuka ne ya zo min, na haushi.

An daɗe da kwashe shingen nan. Har yau takardar tana aljihun gaban rigarsa, ko masallacin unguwa za shi.