Katin Rana na Malam Sikiru

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 1956, Adijat ta aiko mini Sabon Gari cewa mijinta, Malam Sikiru na Fagge, ya rasu da hantsi bayan jinyar kwana shida. Sikiru, ni Rebeka, da na koya maka lissafi kana ɗan shekara tara, ban zaci ni zan rubuta maka wannan ba.

Tun farkon 1947 ka kafa ƙwallon gilashi a kan soronka. Kowace safiya kana sa kati a ƙarƙashinsa, hasken rana ya ƙona layi a kai, da yamma ka auna tsawon ƙunar, ka san awa nawa rana ta yi a fili. Burinka ka cika shekara goma, ka fitar da matsakaicin kowane mako, domin masu shanya fatu da gyaɗa su san lokacin da hadari ya saba yi musu ɓarna. Maƙwabta sun ce kana gadin abin da ba ya ɓata. Dariya kawai ka yi.

Da na bar koyarwa, kowa ya zo da tausayi, na kore su. Kai kuwa littafinka ka kawo, ka ce, "Malama, rabawar nan ta gagare ni." Ba ta gagare ka ba, na sani. Duk da haka kowace Asabar ka zo, na duba, muka rufa wa juna asiri shekara bakwai.

Har kana kwance Adijat ke canza maka kati. Ranar jana'izarka babu wanda ya hau soro. Ɗanka Moshood, da kyakkyawar niyya, ya ce a rubuta awa biyar a cike gurbin. Na hana. Kai ne ka ce ranar da ba a auna ba a bar gurbinta fari, kuma fari na bar shi.

Saura wata huɗu da rabi shekara goman ta cika. Adijat tana takaba, Moshood zai koma bakin aikinsa. Na ce ni zan ci gaba da sa katin, 'yan'uwana suka ce in dawo Zariya in huta, matakalar soron ta fi ƙarfin gwiwata. Ban nemi shawararsu ba. Sanda gare ni, kuma hanyar Fagge ba baƙuwata ba ce.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Adijat, Moshood da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Ku bar mini ƙofar soro a buɗe har ƙarshen Disamba.