Goggo da Na'urarta ta Kan Tudu

Goggo, ƙanwar babanmu, ta ƙarar da ƙuruciyarta a wani ɗaki mai rufin kwano a kan tudu, bayan jami'a. A can take kula da wata na'ura mai dogayen bututu kewaye da dalma, wadda ke ƙirga ƙananan ƙwayoyin da ke faɗo wa duniya daga can cikin taurari.

Babanmu yakan tsokane ta in ta zo gida. "To, yau nawa suka faɗo?"

"Sun ragu, Yaya."

"Wa ya kwashe?"

Sai ta ture kwanon abinci ta hau bayani. Rana tana hura iska iri biyu, mai sauri da mai nawa. In mai saurin ta cim ma mai nawar sai su cunkushe, maganaɗisunsu ya yi ƙarfi ya tare ƙwayoyin, ƙirgen ya sauka na 'yan kwanaki. Ita so take ta gano abin da ya sa wani karon yake sauka sosai, wani kuma da ƙyar. Abin ya fi fitowa fili in rana tana lafawa, wato ta rage tafasa, hakan kuwa sai an shekara goma da ɗoriya yake zagayowa.

Lafawar farko ta zo mijinta na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Tana can tana jinya batiran na'urar suka mutu, ba wanda ya leƙa ɗakin. Mijin ya rasu, ta koma ta tarar da allon ƙirgen a kashe.

Ta jira ta biyu. Lafawar ta iso da wata biyu ke nan rufin ya yi yoyo, ruwa ya ƙone kan na'urar. Ta yi ta zarya ofis-ofis, ana ce mata kayan gyara na hanya, har ta yi ritaya.

Bara ta ce in raka ta tudun. Muka hau a hankali, tana hutawa. Ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, dalmar ma an kwashe. Ta daɗe tana kallon bututun.

Na ce, "Goggo, ai rana za ta sake lafawa."

"Za ta lafa mana," in ji ta.

Ta ja ƙofar, ƙofar ta ƙi rufuwa, ta bar ta haka. Ta ce in riƙe mata hannu, saukar ta fi cin gwiwa.